Waken Gwangwani a Zauren Ciyayya

A unguwannin da ciyayya ba ta mutu ba, da an idar da sallar isha'i sai ka ga yara suna fitowa daga gidaje ɗauke da kwanuka, kowanne a rufe da faifai ko murfi. A shimfiɗa tabarma a zaure ko a ƙofar gida, magidanta su kewaye, a jera abincin gida shida ko bakwai a tsakiya. Sau da yawa tuwo ɗaya ne, miya ɗaya: tuwon masara miyar kuka. Masarar a kasuwa ɗaya aka auno ta, kukar ma haka, wataƙila ma inji ɗaya ya niƙa garin. Amma duk wanda ya taɓa zama a wannan tabarma ya san ba a samun miya biyu da suka zo ɗaya. Wata ta ji daddawa har ƙamshinta ya riga buɗe murfi. Wata gishiri ya zarce. Wata ta tsinke tana gudu a bayan tuwo, wata kuwa ta yi kauri daidai tana kama loma.

Akwai kuma abin da ido ke yi kafin baki. In aka ajiye sabuwar kula mai sheƙi daga gidan Alhaji, kusa da ita ga tsohuwar langa wadda fentinta ya ɗaɗɗaye, hannu kan fara zuwa kan kular. Sai an yi loma biyu uku, musamman daren da babu wuta, ba a ganin wane kwano ne wane, sannan gaskiya ke fitowa. Hannuwa su taru wuri ɗaya ba tare da an yi shawara ba. Matan gida ba sa buƙatar a ba su labari: kwanon da ya koma wayam shi ne shaida, wanda ya koma da rabi shi ma shaida ne.

Wannan zaman ciyayya shi ne mafi kusa da abin da mutum zai tarar in ya tsaya gaban kantar waken gwangwani a babban kanti a Ingila. Gwangwanaye ne jere, kusan girmansu ɗaya, giram 400 da ɗan ɗoriya, a cikin kowanne ƙananan fararen wake ne a miyar tumatir mai ɗan zaƙi. Wannan abinci ya zama jinin jikin Turawan Birtaniya. Suna zuba shi a kan gasasshen burodi, suna cusa shi a cikin gasasshen dankalin turawa, suna jera shi gefen soyayyen ƙwai a karin kumallo. Shi ne abincin ɗalibi in aljihu ya yi sanyi, shi ne na uwar da ta dawo aiki a gajiye yara suna jiran abin sawa a baki. Kamfanin Heinz kaɗai yana sayar da sama da gwangwani miliyan ɗaya kullum a ƙasar. Mu ma ba baƙonmu ba ne gaba ɗaya. Yana kan kantocin manyan shagunan Kano da Kaduna da Abuja, kuma duk matar da ta taɓa haɗa salak na biki ko na salla, da kabeji da karas da dafaffen ƙwai da bama, ta san shi ne ake barbazawa a sama. Ɗalibanmu da ma'aikatanmu da ke Landan da Manchester kuwa, da yawansu shi ne wake na farko da suka ci bayan sauka daga jirgi.

Asalin girkin ba na Ingila ba ne. Daga arewa maso gabashin Amurka ya fito, yankin birnin Boston, inda ake dafa wake a tukunyar ƙasa tsawon yini da kitsen alade da baƙin ruwan rake mai kauri, ɗan'uwan mazarƙwaila. Henry John Heinz, ɗan kasuwa daga Pittsburgh, ya shiga kantin Fortnum & Mason da ke Landan a 1886 da samfurin kayansa, suka karɓa. A farkon ƙarni na 20 waken gwangwaninsa ya shiga kasuwar Ingila a matsayin kayan marmari na masu hali, mai tsada, daga ƙetare. A 1928 aka fara yin sa a cikin ƙasar. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo nama ya yi wuya, aka cire ɗan yankin naman aladen da ake sawa, kuma ba a sake mayar da shi a girkin yau da kullum ba. Tun daga nan gidan ya rabu biyu. Na Ingila ya zama wake da tumatir, mai sassauƙan zaƙi. Na Amurka ya riƙe duhunsa da zaƙinsa da namansa.

Abin da ya sa kwatancin ciyayya ya zauna daram shi ne kusan duk masu yin wannan wake a Birtaniya a kasuwa ɗaya suke awo. Waken ba ya son sanyi da damshin ƙasarsu, don haka a bushe ake shigo da mafi yawansa daga Kanada da Amurka. Sai a 2023 aka girbe wani iri da masana a Jami'ar Warwick suka samar, a wata gona a Lincolnshire, aka zuba shi a gwangwani don gwaji. Hanyar dahuwar ma kusan ɗaya ce. A tsince waken, a jiƙa shi ko a ɗan gigita shi a ruwan zafi, a zuba a gwangwani, a kwarara miya a kai, a liƙe murfi, sannan a dafa shi a rufe da tururi mai zafin da ya haura na tafasar ruwa, wajen digiri 120. Gwangwanin shi ne tukunyar. Haka ake yi a babbar masana'antar Heinz ta Kitt Green kusa da Wigan, wadda aka buɗe a 1959 kuma take fitar da gwangwanin abinci sama da biliyan ɗaya a shekara, haka ake yi a masana'antun da ke yi wa manyan kantuna nasu. Tunda cefane ɗaya ne, murhu ɗaya ne, duk bambancin da harshe zai ji daga hannun mai girki yake: wane irin wake ya zaɓa, tumatir nawa ya sa, ruwa nawa ya ƙara, ina ya tsayar da sukari da gishiri.

Abu na farko da za a duba shi ne waken kansa. Wake mai kyau yana fitowa ƙwaya-ƙwaya, kowanne a cikin rigarsa, girmansu kusan ɗaya. In ka danna shi tsakanin yatsu biyu zai baje kamar dafaffiyar gwaza mai gari, ba tare da ya bar tsakuwa a tsakiya ba. Aibinsa iri biyu ne. Akwai wanda ya dahu ya wuce misali, ya farfashe, ɓawonsa yana yawo a miya, cokali ya ɗebo wani abu mai kama da fate. Akwai kuma wanda cikinsa ya nuna amma ɓawon ya yi tauri, ka haɗiye garin ya bar maka fata a haƙori. Wannan na biyun yawanci alamar tsohon wake ce, wanda ya daɗe a ajiya. Duk macen da ta taɓa ɗora waken bara a wuta, ta ƙare itace ta ƙara kanwa yana nan ƙiƙam, ta san wannan hali. A gwangwani ɗaya ma ana iya samun gauraye, wasu sun yi laushi wasu sun ƙi, kuma wake ɗaya ke ɓata gari.

Na biyu miya. A nan ake gane gidan da ya yi cefane da gidan da ya ƙara ruwa. Juya gwangwanin ka karanta bayansa, domin dokar Birtaniya ta tilasta a rubuta kason wake da na tumatir. A gwangwanin Heinz na Birtaniya wake kusan rabi ne, tumatir ya ɗan haura kashi ɗaya cikin uku, sauran kuwa ruwa ne da sukari da ruwan khal da garin masara na kauri da gishiri da ɗan kayan ƙamshi. In ka ga wani gwangwanin tumatirinsa bai wuce kashi 20 ko 25 cikin ɗari ba, to ka san ruwa da sitaci ne suka cike gurbin. Ido ma yana iya ganewa. Miyar da ta ji tumatir launinta ja ne mai zurfi, tana lulluɓe kowace ƙwaya, in ka ja cokali a tsakiyar faranti sai hanyar ta ɗan jima kafin ta rufe. Wadda aka tsinka takan yi fari-fari kamar ruwan lemo, ta gudu ta bar waken tsirara, ta jiƙa burodi ya yi lagwaf kafin a kai loma ta uku. Akwai kuma kaurin ƙarya, na sitacin da ya yi yawa, wanda ke sheƙi yana danƙo kamar kamu, ya cika baki amma ba ya ɗanɗanon komai. Kauri na gaskiya daga tumatir yake zuwa, kuma yana tahowa da ɗan tsami mai tayar da harshe.

Na uku sukari da gishiri, kuma a nan maganar ta wuce ta daɗi ta shiga ta lafiya. Rabin gwangwanin irin na Birtaniya, wanda shi ne abin da ake ɗauka cin mutum ɗaya, yana ɗauke da sukari wajen giram 9 zuwa 10, wato ƙaramin cokalin shayi biyu da ɗan ƙari, da gishiri giram ɗaya da ɗan ɗoriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini. Ke nan wanda ya cinye gwangwani guda shi kaɗai ya ci kusan rabin gishirin yininsa a zama ɗaya, kafin a lissafa na burodi da na dunƙulen miyar rana. Mai hawan jini da mai ciwon sukari su lura da wannan. Kamfanonin suna yin nau'in da aka rage wa gishiri da sukari, da wanda ba a ƙara masa sukari ba sam aka sa masa zaƙin ganyen sitibiya, wanda wasu ke jin yana barin ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Ta fuskar daɗi kuwa, mizanin shi ne a ji tumatir da farko, zaƙi ya biyo baya a hankali, gishiri ya ɗaure su. In zaƙin ne ya tare ka a bakin ƙofa, sau da yawa ana rufe ƙarancin tumatir ne da shi. Duk da haka kada a raina abincin. Wake ne, yana da furotin mai gina jiki wajen giram 10 a rabin gwangwani, yana da dusar da ke gyara hanji, kitsensa kuwa kaɗan ne ƙwarai.

Na huɗu yawa. A ciyayya akwai kwanon da ke zuwa da girma, a buɗe a tarar malmala biyu ce tana iyo a tafkin miya. Nauyin da aka rubuta a gaban gwangwani ya haɗa wake da miya, don haka gwangwani biyu masu nauyi ɗaya suna iya bambanta a yawan abin da za a tauna. Juye kowanne a rariya, bari miyar ta tsiyaye, ka dubi tudun da ya rage. Wanda ya fi araha da kaɗan amma wakensa ya gaza da yawa, ba araha ba ne.

Da waɗannan ma'aunai huɗu a hannu, bari mu buɗe kwanukan. Heinz shi ne kular gidan Alhaji. Gwangwaninsa mai launi tsakanin shuɗi da kore yaro ma ya san shi daga nesa, kuma tallar da kamfanin ya fara a 1967 ta dasa wa Turawan Ingila cewa in an ce wake to shi ake nufi. Girkinsa mai tsabta ne, ba ya sauyawa. Waken yana da laushi, miyar ba ta cika kauri ba, tana da zaƙi sassauƙa da ɗan tsamin khal, babu wani ɗanɗano da ya yi tsalle ya fita daban. Wanda ka buɗe bana shi ne wanda ka buɗe bara, kuma wannan ba ƙaramar daraja ba ce. Sai wani mai suna Branston, wanda ya shigo kasuwar wake a 2005, ya zo da niyyar karawa da Heinz kai tsaye. Miyarsa ta fi duhu da kauri, tumatirinsa ya ɗan fi yawa, ɗanɗanonsa ya fi ƙarfi, wakensa ya fi tsayawa a haƙori. Mai son miya ta zauna a kan burodi ba ta gangara ba yakan karkata gare shi, mai son abu sassauƙa kuma yakan ga ya yi masa nauyi. Sai kuma na manyan kantuna, waɗanda ke ɗauke da sunan shagon ko wani suna da shagon ya mallaka: Tesco, Sainsbury's, Asda, Morrisons, da Bramwells na Aldi, da Newgate na Lidl. Waɗannan su ne langa da samira. Ba su da talla a talabijin, ba su da tarihin shekara ɗari, kuma farashinsu bai kai rabin fam ba a lokacin da gwangwanin Heinz guda ya haura fam ɗaya.

To me ke faruwa in aka kashe fitila? A Birtaniya akwai ƙungiyar kare masu saye da ake kira Which?, wadda aka kafa a 1957. Cikin ayyukanta har da tara mutane, a ba su abinci a kwanuka marasa suna, su ɗanɗana su ba da maki kan kama da ƙamshi da laushi da daɗi. A irin wannan gwaji, ba sau ɗaya ba, waken manyan kantuna mai araha ya sha gaban Heinz, Branston kuma yakan fito cikin na sama. Wannan ba ya nufin Heinz ba shi da daɗi. Abin da yake nunawa shi ne ratar da ke tsakanin farashin ta fi ratar da ke tsakanin girkin nesa ba kusa ba. Wani kaso na kuɗin da mai saye ke biya na talla ne, na suna ne, na kwanciyar hankalin sanin abin da zai tarar.

Akwai kuma sabo, wanda ake yi wa kallon ɗanɗano alhali shi daban ne. A tabarmar ciyayya za ka ga magidancin da ko a duhu yana gane miyar gidansa, kuma ita yake fifitawa ko da ta maƙwabci ta fi ta kayan haɗi, domin da ita harshensa ya tashi. Baturen da aka yaye shi da Heinz haka yake. Wannan ba laifi ba ne, kuma wanda ya ce shi dai abin da ya saba yake so, yana da hujjarsa. Illa dai ya san abin da yake biya wa kuɗi. Mu da ba a yaye mu da kowanne ba, babu dalilin da zai sa mu gaji son wani gida mu biya ninki uku a kansa.

Farashin wannan ɗan gwangwani ya sha tayar da ƙura a Birtaniya. A tsakiyar shekarun 1990 manyan kantuna sun yi gasar karya farashinsa don jan masu saye, har gwangwani ya sauko kwabo uku na kuɗinsu. A 2022 kuma, lokacin da tsadar rayuwa ta matsa, Heinz da Tesco suka saɓa kan ƙarin farashi, aka ɗauki kwanaki kantocin Tesco babu waken Heinz kafin su daidaita. Mutane da dama a irin wannan lokaci ne suka fara ɗaukar na shago, wasunsu kuma ba su koma ba.

Sai dai kada a ɗauka duk mai araha gwani ne. Yawancin manyan kantunan suna da hawa biyu: na tsakiya, wanda shi ne ke karawa da manyan sunaye, da na can ƙasa, mai farar takarda da rubutu kaɗan, wanda aka yi don mai neman mafi ƙarancin farashi. A wannan hawa na ƙasa ne aka fi cin karo da tsinkakkiyar miya da wake mai tauri da tumatir na shafa. A nan karin maganar nan ta araha ba ta ado take aiki. Yana maganin yunwa, kuma in za a juye shi a cikin wata miya mai kayan haɗi ba za a gane ba, amma in shi kaɗai zai hau burodi, ƙara 'yan kwabbai a hau mataki ɗaya ya fi.

Gidan Amurka kuwa girkinsa daban ne, bai kamata ma a jera shi a layi ɗaya da na Ingila ba. Bush's, wanda iyalin da suka kafa masana'antarsu a Chestnut Hill ta jihar Tennessee a 1908 suke yi, shi ne ya fi kowanne kasuwa a can. Miyarsa ruwan ƙasa ce mai duhu, tana da jan sukari da ƙamshin hayaƙi, kuma zaƙinta ya kai ninki biyu na irin na Birtaniya. B&M na birnin Portland a jihar Maine ya yi suna da gasa wakensa a buɗaɗɗun tukwane cikin tanderun bulo kafin a zuba a gwangwani, da baƙin ruwan rake, har zuwa 2021 da aka rufe tsohuwar masana'antar. Su Amurkawa ba karin kumallo suke yi da shi ba, gefen gasasshen nama suke ajiye shi a taron iyali. Harshen da ya saba da wake da mai da yaji zai ji shi kamar an zuba alewa a tukunya.

Babban abin lura ga Musulmi yana nan. A ciyayya ba ka tambayar me aka sa a miya, domin ka san gidan, ka san wanda ya yanka naman. Gwangwani kuwa daga gidan da ba ka sani ba ya fito. Nau'in asali na Bush's da na B&M, da na wani kamfanin Amurka mai suna Van Camp's, duk suna ɗauke da naman alade ko kitsensa, kuma ba kullum hoton gaban gwangwani ke nuna haka ba. A Birtaniya ma akwai wanda ake haɗawa da ƙananan tsiran alade, yana zaune kafaɗa da kafaɗa da wanda ba shi da nama, launin takardarsu kusan ɗaya. A duba jerin kayan haɗi, in an ga kalmar pork ko bacon ko ham ko lard, a mayar da shi inda aka ɗauko. Mafi sauƙi a nemi wanda aka rubuta ya dace da masu ƙin cin nama, domin kusan kowane kamfani yana da irinsa. Wake da tumatir zalla na Heinz da Branston da na manyan kantunan Birtaniya ba shi da nama.

Mai saye a ƙasashenmu yana da ƙarin aiki, domin gwangwanin ya yi doguwar tafiya, ya kwana a tashar jiragen ruwa, ya sha zafin sito da na shago. Kafin a yi maganar daɗi a duba lafiyar gwangwanin. Wanda murfinsa ko gindinsa ya kumbura, a guje shi ko kyauta ne, domin kumburin alama ce ta ƙwayoyin cuta suna aiki a ciki, kuma cikinsu akwai mai fitar da dafin da ke shanye jiki har ya kashe, wanda ba lallai a ji warinsa ba. Wanda ya lotse a kan ɗinkin baki, ko ya yi tsatsa mai zurfi, ko yake tsatsafo, shi ma haka. A karanta ranar ƙarewar wa'adi, a lura ko an kankare an sake bugawa, a Najeriya kuma a nemi lambar NAFDAC. In an buɗe, a juye ragowar a wani mazubi mai murfi a sa a firiji, a cinye cikin kwana biyu. Inda wuta ba ta da tabbas, a cinye a ranar. Wajen ɗumamawa kuma wuta kaɗan ake so, ana juyawa, kada a bari ya yi ta tafasa, domin waken ya riga ya dahu, ƙarin wuta farfasa shi kawai zai yi.

Wanda ke son ya san nasa gwanin, gwajin ba shi da wuya. A sayo iri uku ko huɗu, ciki har da mai tsada da mai araha. Mutum ɗaya ya shiga kicin ya ɗumama su daidai wa daida, ya zuba a kwanuka iri ɗaya, ya sa wa kowanne alama a gindi, ya ɓoye gwangwanayen. Sauran 'yan gida su ɗanɗana, da zafi sannan bayan ya huce, domin salak da sanyi ake cin sa, kuma miyar da ta yi daɗi da zafi tana iya yin danƙo in ta huce. A kurɓi ruwa tsakanin kwano da kwano. Kowa ya faɗi zaɓinsa kafin a ɗaga gindin kwano. Yara sukan bi mafi zaƙi, manya sukan bi mafi tumatir. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ya rage a faɗi matsayinsa a gidajenmu. Waken gwangwani ba irin wakenmu ba ne. Nasu asalinsa nahiyar Amurka, namu kuwa ɗan Afirka ne, kuma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noma shi, Nijar tana biye. Wanda ya taɓa ganin buhunan wake a kasuwar Dawanau ya san ba mu da yunwar wannan abinci. Da kuɗin gwangwani guda da aka shigo da shi daga waje ana iya auno ɗanyen waken da zai ninka abin da ke cikinsa, a yi garau-garau ko alale ko ƙosai, gishirin a hannunka, ba sukari ko ƙwaya. Abin da gwangwani ke sayarwa shi ne lokaci: minti biyar maimakon awa guda a bakin murhu. Yana da amfani ga matafiyi, da ɗalibi a ƙasar sanyi, da mai haɗa salak na taro, da wanda baƙo ya sauka masa da tsakar dare. In kuma ya zo hannu aka ji ya yi lami, a soya albasa da attarugu a ɗan mai, a juye shi a kai, a bar shi minti biyu. Wannan kaɗai yana karya zaƙin ya kawo shi kusa da harshenmu.

Hukuncina shi ne, ga mai son miya mai kauri da tumatir sosai, Branston ya fi cancanta. Ga mai son sassauƙan ɗanɗanon da ba ya sauyawa kuma bai damu da ƙarin kuɗi ba, Heinz ba zai ba shi kunya ba. Ga mafi yawan mutane kuwa, waken babban kanti na hawan tsakiya ya wadatar, kuma rarar kuɗin ta sayi burodi da ƙwai. Irin na Amurka a bar shi sai wanda ba shi da nama, shi ma ga mai son zaƙi. Kafin ka kai kowanne gaban mai karɓar kuɗi, mai karatu, juya shi ka karanta bayansa: wake ya kai wajen rabi, tumatir ya kai kashi ɗaya cikin uku, babu alade, gwangwanin bai kumbura ba, wa'adinsa bai wuce ba. In ya cika waɗannan biyar, ɗauki mafi araha a cikinsu.